Rinin Ƙyallayen Walima Ya Zuba, Biki Saura Mako Uku

Assalamu alaikum Inna. Ina cikin damuwa, na rasa wanda zan gaya ma. Ɗiyar gwaggona za a aurar nan da mako 3. Na ga wani rini a waya, na ƙyallayen goge hannu da ake ajewa gefen faranti: gindinsu shuɗi mai duhu, yana hawa yana haske har ya koma fari, wasu kuma an ɗaure su irin na kampala. Na ce ma gwaggo zan iya yin 60 na walima da kalar anko, in an gama baƙi su tafi da su. Ta yarda ta ba ni kuɗi. Na sayi farin yadi 15 mai sheƙi, da kala da soda da haidiro, garin da ake haɗa rini da shi, tela ya yanka ya kalmashe bakin. Na dafa rinin cikin tukunyar girki na tsoma 30. Da sunka bushe sai ga dabbare-dabbare, inda nike son launi ya narke sai layi ya fito ɓaro-ɓaro, zaren ɗinkin kuma fari fat. Na wanke guda, rabin kalar ta bi ruwa. Na goge hannu da wani, ya bar mani shuɗi. Abin da ya fi muni, ɗan facalata mai shekara 3 ya ɗauki gorar da na jiƙa soda zai kai baki, Allah ya sa anka gani. Hajiya uwar maigidana ta ce kada in ƙara rini a gidanta, facalata ta daina yi mani magana. Gwaggo ba ta san komai ba. Wata ƙawata ta ce in ci bashi in sayo na kasuwa in ce ni na yi. Inna, mi zan yi?

Ɗiyarki daga Mabera, Sakkwato

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗiyata. Na karanta wasiƙarki, zuciyata kuma ta tsaya a kan yaron nan da gora a hannu, don haka da shi zan fara.

Sodar da kika saya ita ce ta masu haɗa sabulu. In ta narke a ruwa ba ta da launi ba ta da wari, ko babba ba zai bambanta ta da ruwan sha ba, balle ɗan shekara 3 da ƙishirwar garin nan ta koro daga wasa. Kurɓa ɗaya tana ƙona baki da maƙogwaro, kuma illarta ba ta ƙarewa a ranar. In ƙunar ta warke sai hanyar abinci ta tsuke, yaro ya kasa haɗiyar tuwo, wani har kunu ya gagare shi, a yi ta zarya asibiti ana buɗa masa, wani sai an kai ga tiyata. Likitocin ƙasar nan sun san wannan ciwo sosai, kuma labarin kusan ɗaya ne kullum: an jiƙa soda cikin gorar ruwa ko kwalbar lemo an ajiye a ƙasa. Allah ya tsare ku, ki yi masa godiya, sannan yau ɗin nan ki fitar da sauran sodar da haidiron daga gidan. Ki kuma riƙe wannan, ki gaya wa kowa a gidan: in tsautsayi ya sa wani ya sha, ba a sa shi amai, domin abin da ya ƙona yana shiga zai sake ƙonawa yana fita. Ba a ɗura masa manja, ba a ba shi lemon tsami wai don a kashe ta. A kuskure masa baki a wuce da shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Asibitin Ƙwararru, da gorar a hannu don likita ya gani. In ido ta faɗa, a yi ta kwarara ruwa aƙalla minti 20 kafin a tafi.

Saboda haka Hajiya ta yi gaskiya, kuma ban ba ki shawarar ki tura maigidanki ya roƙar miki ita ba. Ki same ta da kanki, ki durƙusa, ki ce kin ji kin karɓa. Facalarki kuwa, ki shiga ɗakinta ki ba ta haƙuri ba tare da kin haɗa da bayani ba. Kada ki ce ai nesa kika ajiye, kada ki ce ai yaron ƙiriniya gare shi. Uwa ce da ta ga abin da ya kusa samun ɗanta, in ta ɗauki kwanaki ba ta sake miki fuska ba, ki ci gaba da gaishe ta. Wurin rini kuma ki nema a waje: gidan 'yan'uwa da babu ƙananan yara, ko wajen wata mai rinin kampala da za ta bar ki ki yi aiki a filinta ki ba ta ɗan abin hasafi. Na fi son na biyun, don za ki ga hannun wadda ta iya yana aiki, abin da bidiyon minti ɗaya ba zai nuna miki ba.

Shawarar ƙawarki ki bar ta inda kika ji ta. Bashi ne a kan asara, da ƙarya a kan bashi. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, kuma ki tuna a taron walimar nan sai an sami wadda za ta ce ki yi mata irinsu na bikin ɗiyarta. Me za ki ce mata? Gwaggonki ta ba ki kuɗinta ne don ta yarda da ke, kuma mako 3 ya ishe ta ta canza shiri in ta ji yanzu, amma kwana 2 ba zai ishe ta ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A Risala, littafin da ake karantawa a kowane zaure na garin nan, an ce masu sana'a su ke lamunin abin da suka tafi da shi ya ɓaci a hannunsu, ko da lada suka yi aikin ko ba lada. Ko ba a kai ga kiranki mariniya ba tukuna, ki ɗauki wannan ladabi tun daga aikinki na farko. Ki ce mata, "Gwaggo, rabin yadin ya ɓaci a hannuna, ni zan biya a hankali." In ta yafe, alherinta ne. Sai dai kada ki je mata da kuka kaɗai. Ki je da ƙyallen da ya ɓaci, da sanin abin da ya ɓata shi, da shirin gyara. Sanin kuwa ashana ɗaya ce za ta ba ki shi.

Ki yanki ɗan ƙyalle daga cikin fararen da ba ki rina ba, ki riƙe shi da bakin almakashi a tsakar gida bisa kwanon ruwa, ki kanga masa ashana. Auduga zalla tana kama wuta nan take, warinta na ƙonannar takarda ne, tokarta mai laushi, in kin murza ta watse. Yadi mai roba yana noƙewa daga wuta, ya narke, ya yi baƙin hayaƙi, ya bar dunƙule mai tauri da ba ya murzuwa. In gauraye ne za ki ga toka da ɗan ƙanzo mai tauri a bakinta. Kin ce yadinki mai sheƙi ne kuma rabin kalar ta bi ruwa, wannan ya sa na fi zaton gauraye ne, irin tetiron da galibi kashi 65 ɗinsa roba ce, 35 kaɗai auduga. Kalar da kika saya ta auduga ce. Zaren roba ba ya shan ta ko za ta kwana a ciki, shi kalarsa daban ce, a masana'anta ma sai an kai zafi wajen digiri 130 cikin rufaffiyar tukunya kafin ya kama. Shaidar tana hannunki: zaren da tela ya yi kalmasa da shi na roba ne, shi ya sa ya fito fari fat.

In gwajin ya nuna auduga ce, asararki kaɗan ce. Fararen 30 za su rinu bayan an wanke su, waɗanda suka ɓaci kuma a wanke su da ruwan zafi, a ɗaure, a sake tsoma su a shuɗi mai duhu, ɗaurin zai haɗiye dabbaren. In kuwa mai roba ne, kada ki ƙara zuba masa kuɗin kala. Fararen 30 ba su da laifin komai, ki goge su ki ninke, farin ƙyalle kusa da shuɗi kyau yake yi a kan tire. Waɗanda suka ɓaci ki yi ta wankinsu har su daina zuba, su zama na goge kwanuka a ɗakin girkinki, kada su je bakin baƙi. Kin ga ke nan 30 kaɗai za ki sake, ba 60 ba. Yadi mai faɗin inci 36 yana ba da ƙyalle 4 masu inci 18, yadi 8 zai ba ki 32, ki ƙara ɗaya na gwaji.

Da kin shiga Babbar Kasuwa ki ce auduga zalla kike nema, foflin ko alawayyo ko farar shadda, ki kuma roƙi mai shago ɗan ƙyalle ki gwada kafin ya sa almakashi. Shadda mai araha da yawa tana da roba a ciki, sunan kaɗai ba ya isa. Mai gaskiya ba zai hana ki gwaji ba. Kin kawo shi kuma, wanki ne farko, tun kafin yanka, domin auduga tana tsukewa. Sabon yadi cike yake da sitaci da maiƙon masaƙa, su ne ke hana kala shiga wani wuri su bar ta ta shiga wani, dabbarenki daga nan ya fara. Ki jiƙa shi a ruwan zafi da omo, ki cuɗa, ki ɗauraye sosai. In ya bushe ki ɗiga masa ruwa: ɗigon ya nutse nan take, ya wanku; ya tsaya yana gangara, a sake.

Yanzu ga abin da ke faruwa cikin ruwan rini, don in kin gane shi ba za ki ƙara dogara da sa'a ba. Garin kalar nan ba ya narkewa a ruwa. Aikin haidiro da soda shi ne su juya shi ya zama mai narkewa, ya ratsa cikin zaren auduga. In an fito da ƙyalle iska ta buge shi, sai kalar ta koma halinta na farko, amma yanzu tana kulle a cikin zare ba ta da hanyar fita. Wannan ne ainihin abin da marina ke yi a karofi tun kaka da kakanni, kamar na Ƙofar Mata a Kano da ake lissafa kafuwarsa tun 1498. Su baba da toka da katsi suke zubawa su bari ya ruɓa kwanaki, ruɓar ce ke yin aikin da haidiro ke yi, shi ya sa zane ke fitowa kore daga rami sannan ya rikiɗe shuɗi a idonka. Wata masana'antar Jamus ce ta fara sayar da shunin kanti a 1897, sauran kaloli irinsa suka biyo baya daga 1901, amma dokar ba ta canza ba. Ke kuma kin dafa rininki. Tafasa tana kashe haidiro, in ya mutu kala ba ta shiga zare, sai ta kwanta a bayansa kamar ƙurar hunturu a kan tabarma, ruwa ya ɗebe rabi, hannu ya ɗebe saura. Tukunyar ma ta ƙara nata, domin soda cin alminiyam take yi, tana fitar da iska mai kama wuta. Tukunyar nan ta gama girki, kada a ƙara dafa abinci a cikinta.

Abin da za ki nema shi ne baho 2 da bokiti na roba mai kauri, da sandar juyi, da cokalin awo da ba zai koma kwando ba, da safar hannu ta roba mai tsawo, da takunkumi da tabarau. A fili ake yi, inda iska ke wucewa, warin haidiro yana tayar wa mai asma, mai juna biyu ma ta nisance shi. Ki duba haidironki: mai rai gari ne fari mai zuba, wanda ya dunƙule ya yi rawaya iska da laima sun riga sun cinye shi, ki sayi sabo kaɗan. A busasshen wuri ake ajiye shi a rufe, don in ya jiƙa a leda yana iya ɗaukar zafi da kansa har ya kama wuta. Ma'aunin da nake ba mai farawa, na ruwa wajen lita 5: kala cokali 2, soda cokali 2, haidiro cokali 4. Ƙarfin kala ya bambanta daga mai sayarwa zuwa mai sayarwa, don haka wannan mafari ne, ƙyallen gwaji ne zai ce a ƙara ko a rage. Ki zuba sodar kaɗan-kaɗan cikin ruwan sanyi kina juyawa. Kullum soda ce ke zuwa wajen ruwa, in aka kwara mata ruwa, musamman na zafi, tsartuwa take yi ta nufi fuska. Ki dama kalar daban da ruwan ɗumi, ki haɗa su a bokiti da ruwa lita ɗaya mai zafin da ya ɗara na wanka amma bai kusa tafasa ba, ki barbaɗa haidiro, ki juya a hankali, ki rufe minti 15. Za ki ga launin ya canza, kada ki tsorata. Ki ɗiga a farin ƙyalle, in ya juya zuwa shuɗinki a iska, rini ya nuna. Daga nan ba kwarara ba kaɗawa, duk kumfar da kika tayar haidiro kike ƙonawa. Kuma abin da aka haɗa a ranar ake gama shi, ba a ajiye ko ɗigo.

Sai launi mai hawa-hawa, wanda shi ya ja ki cikin wannan aiki, kuma ban ga laifinki ba, yana da kyau ƙwarai in ya fito. Layin da kika gani yana da dalili biyu: kin tsoma busasshen ƙyalle, kuma kin bar shi ya tsaya wuri ɗaya. Duk inda saman ruwan rini ya zauna a jikin yadi ko na 'yan daƙiƙu ne, nan zai ja iyaka. Don haka ki jiƙa ƙyallen gaba ɗaya a ruwa mai tsabta, ki matse shi ya rage danshi. Danshin nan ne ke jan kala sama a hankali ya narkar da bakinta. Ki raba rininki baho 2 masu ruwan ɗumi: kashi ɗaya cikin huɗu a na farko ya zama tsararo, sauran a na biyu ya zama mai kauri. Ki maƙala ƙyalle 4 a jikin sanda da abin shanya, da tazarar yatsa biyu tsakaninsu don kada su manne. Ki fara da tsararon. Ki saukar da su har kashi biyu cikin uku su nutse, amma hannunki kada ya huta, ya riƙa hawa da sauka kamar tsawon ɗan yatsa, kina ɗagawa sama kaɗan-kaɗan, ta yadda can sama taɓawa kawai rini ya yi, tsakiya ta sami minti 2 ko 3, gindi ya fi kowa daɗewa. Sannan ki koma baho mai kauri da kashi ɗaya cikin uku na ƙasa kaɗai, da irin wannan motsi, minti 5 zuwa 10. Hannu zai gaji, ki ɗora sandar a kan gwiwa ki ci gaba da rausayawa. Ki samu mai taimako da hannunta bai taɓa rini ba, ita ce za ta riƙa kama farin gefen, domin tabon yatsa ɗaya a can ba ya fita. A matse daga sama zuwa ƙasa, a rataye gindi na ƙasa don ɗigo kada ya gangara kan fari, a inuwa, minti 20 zuwa 30 har launi ya gama juyawa. Iskar Sakkwato tana busar da auduga kafin ki juya, kala kuma tana son ta juya da sauran danshi a jikinta, don haka ki fara da an sallame Asuba, ki tashi kafin rana ta yi ƙarfi. Jiƙaƙƙen ƙyalle ya fi busasshe duhu, kada ki yanke hukunci sai na gwajin ya bushe kin goge shi. Rini kuma ƙarfinsa raguwa yake yi da kowace tsomawa, sandar farko za ta fi ta ƙarshe cizawa. Ki rage ɗan haɗi a bokiti a rufe kina ƙarawa, kuma kada ki wahalar da kanki da neman su zama ɗaya sak, aikin hannu ne.

Duk da haka ga ra'ayina: cikin 30 ɗin nan ki yi 10 masu hawa-hawa, 20 na ɗauri. Hawa-hawa ba ya rufa wa kuskure asiri, ɗauri kuwa yana yafe wa sabon hannu abubuwa da yawa. Da zaren buhu ko siraran yankan robar tayar keke ake yi, a kan yadi mai ɗan danshi, a ɗaure tam har yatsa ya ji. Ki sa ƙwallon dabino ko ɗan tsamiya a cikin yadi ki shaƙe wuyansa, zai ba ki farin zobe, ki jera su a kusurwa ɗaya ko ki zagaye baki da su. Ki ninke ƙyalle gaba da baya siriri-siriri ki ɗaure wuri 3, zai ba ki ratsi. Ki tsunkuli tsakiya ki ɗaga ki ɗaure hawa-hawa zuwa ƙasa, zobe cikin zobe zai fito. Ki tsaya a kala ɗaya, shuɗi da fari sun isa. Haɗa kala uku a hannun mai koyo ruwan ƙasa yake haifarwa. A jiƙa ɗaurarrun, a nutsar da su duka minti 10 zuwa 15 ana ɗan matsawa a ƙarƙashin ruwa, a fito a buɗa lungunan su sha iska, a ɗauraye tukuna sannan a kwance, in ba haka ba rinin da ya maƙale zai malala kan farin. Wani daɗin ɗauri shi ne babu soda babu wari a cikinsa, a kan tabarma ake yinsa ana hira. A Kano ma mata ne ke ɗauri da tsuke a cikin gida a aika wa marina. Wannan ɓangaren ki nemi izinin Hajiya ki yi shi a gabanta, ki nuna mata zare ne kawai da ƙwallon dabino.

Wankin ƙarshe shi ne wanda masu gaggawa ke tsallakewa, kuma ga ƙyallen da zai taɓa baki shi ya fi komai. Ki ɗauraye da ruwan sanyi har ya fara washewa, masu hawa-hawa ruwan ya riƙa bi daga fari zuwa duhu. Ki sa ɗan ruwan lemon tsami a ɗauraya guda don ya kashe sauran soda. Sannan ki dafa su a tsohuwar garwa da sabulu minti 10 zuwa 15, nan tafasa ta halatta, ita ke kakkaɓe kalar da ta tsaya a bayan zare ta kuma zaunar da ta ciki. Za a ce miki ki jiƙa su a gishiri, gishiri ba ya kama irin wannan kala, kada ki dogara da shi. In sun bushe ki jiƙa farin ƙyalle ki murza da ƙarfi a kan wurin da ya fi duhu. Ya fito da shuɗi, a koma garwa. Kin san rawanin ɗan Kura da turkuɗin da Buzaye ke so, waɗanda ake buga musu shuni har su riƙa ɗaukar ido suna rina fata, a can zubar ita ce ado kuma ita ake biya. A bakin baƙuwar da ta ci shinkafa da miyar maiƙo kuwa abin kunya ne, gare ki da gwaggonki.

Na san bayan abin da ya faru wata za ta ce ki koma zoɓo ko kurkum tunda ba su da haɗari. Zoɓo ja ne a kwano, amma sabulu na taɓa shi ya koma toka-toka, kurkum kuma rana ce ke cinye shi. Wanda ya fi zama shi ne ɓawon albasa, wadda Allah ya wadata ƙasar nan da ita, in an fara jiƙa audugar a ruwan bagaruwa sannan a alif, yana ba da ruwan zuma mai kyau. Ki gwada shi bayan biki da natsuwa, ba zai ba ki shuɗin anko ba.

Ruwan rinin da ya rage a tona masa rami nesa da rijiya da inda kaji da awaki ke sha, a zuba, a bi shi da ruwa mai yawa, a rufe da ƙasa. Lokacinki kuma ki raba shi haka: wannan makon na gwajin ashana ne da zuwa gidan gwaggo da sayen yadi da rina ƙyalle 3 na gwaji, ki kai mata ta gani da idonta. Mako na biyu rini. Da kin gama ki kai wa tela, don ana gab da biki ba ya rasa tarin ɗinki, ki ce ya kalmashe da zare shuɗi a na ɗauri, fari a masu hawa-hawa. In makon farko ya ƙare gwajinki bai tsallake murzar farin ƙyalle ba, ki yi ɗaurinki da kanki ki kai wa mai rini ta tsoma miki, ki gaya wa gwaggo haka aka yi. Wajen ninki ki bar gindin mai duhu a sama yadda hawan launin zai fito a kan tire. Allah ya sanya albarka a auren, ya raya yaron nan, ya daidaita tsakaninki da mutanen gidanku.